Tambaya da Amsa: Sanyin da Bature ya bar Barma

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Kakana marigayi tsohon sojan Barma ne, in hunturu ya shigo muna zaune bakin wuta yakan ce babanmu an haife shi ne a sanyin da Bature ya bar Barma, aka kuma harbe tsohon nan na Indiya mai sanda da tabarau. Babanmu bai da takardar haihuwa, don Allah wace shekara ce, kuma da gaske a wata ɗaya abubuwan suka faru? Daga 'yar uwarku a Bolari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya jiƙan kaka ya sa ya huta. Lissafinsa kam daidai yake, watan Janairun 1948 ne, dai-dai lokacin da buji ke rufe gari a nan wajenmu.

Barma ta karɓi 'yanci daga Ingila ran 4 ga wata, kuma wani abin mamaki da ƙarfe 4:20 na asuba aka yi bikin a Rangun don masu duban taurarinsu ne suka tsayar da lokacin. Aung San da ya jagoranci neman 'yancin bai ga ranar ba, an harbe shi tun watan Yulin 1947, sai U Nu ya zama firaminista. Ba mamaki labarin ya zauna wa kaka a rai, ai su ne sojojin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma da suka kutsa dajin Arakan suna gwabzawa da Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu, ga ruwan sama ga sauro ga kaya niƙi-niƙi a ka, to ki ɗauka mutum ya dawo gida ya ji ƙasar da suka zubar da jini a kanta Bature ya tattara ya fita amma shi a garinsu har yanzu Razdan da Di'o ke da ta cewa. Arakan ɗin nan ita ce Rakhine ta yau inda Musulmin Rohingya suke, ƙasar kuma tun 1989 ake ce mata Myanmar.

Tsohon na Indiya kuwa Mahatma Gandhi ne, kuma wallahi ni mutuwarsa tana taɓa min zuciya. Wata biyar kenan da raba Indiya da Pakistan, ana ta kashe-kashe tsakanin 'yan Hindu da Musulmi, sai dattijo ɗan shekara 78 ya daina cin abinci daga 13 zuwa 18 ga wata ya ce ba zai sa komai a baki ba sai an bar Musulmin Delhi sun zauna lafiya an mayar musu da masallatansu, a kuma biya Pakistan kuɗinta rufi miliyan 550 da gwamnatin Indiya ta riƙe. Aka biya. Ran 30 ga wata da yamma ya fito zai je wajen addu'a, 'yan mata biyu na danginsa suna tallafe da shi, sai Nathuram Godse ya ratso mutane ya sunkuya kamar mai gaisuwa ya ɗirka masa harsashi uku. Shi ma ɗan Hindu ne kamar Gandhi, laifin da ya gani wai ya cika tausayin Musulmi. Malam Aminu Kano da ya koyar a Midil ta Bauchi yana cikin waɗanda salon gwagwarmayar Gandhi ya burge ƙwarai.

A watan ne kuma, ran 1 ga wata, Indiya ta kai maganar Kashmir, yankin da suke jayayya a kansa da Pakistan, gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, rigimar da har yau ba ta mutu ba.

Batun baba, in za ku je kotu yin takardar rantsuwa ta shekarun haihuwa ku rubuta Janairun 1948, ki kuma tambayi tsofaffin gida ko akwai mai tuna ranar suna.