Kafin ka ɗauko Inna zuwa Amurka don aikin hannu

Ƙanina, saƙonka ya iso, har da na muryar da ka biyo da shi. Ka ce makaranta ta ba ka gurbi a nan Texas, in ka zauna kana so ka ɗauko Inna a yi mata aikin hannun da ke hana ta barci. Ka ce ka duba intanet, ka ga wani gari dala 2,000 da ɗoriya, wani ya haura 10,000, wai in faɗa maka inda ya fi araha. Maganar samun biza ba zan taɓa ba, ka fi ni sanin yadda ta koma.

Ciwon na san shi, don hannuna na dama an yanka shi. Jijiya ce da ke ratsa wani matsattsen lungu a wuyan hannu. In wurin ya kumbura sai ta matsu, babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin na zobe su sage, ƙaramin yatsa kuwa lafiyarsa ƙalau. Cikin dare ya fi tashi, ka farka kana yarfe hannu, da safe maɓallin riga ya gagare ka. Likitoci suna ce masa kafal tanel. Aikin kansa ƙarami ne: a kashe wurin da allura, a ɗan tsaga gindin tafin hannu, a datse tantanin da ya danne jijiyar, a ɗinke. Da wuya ya wuce minti 20, kuma a ranar za ka kwana a gida.

To amma wancan farashin da ka gani, kuɗin wa? A nan aiki ɗaya takardun biya huɗu ko biyar yake haifarwa. Likitan fiɗa da tasa, ginin da aka kwantar da kai da tasa, mai allurar barci da tasa in an sa ka barci, sai gwajin jijiya da ake yi da lantarki tun kafin aikin, sai masu gashin hannu daga baya. Ni ɗaya bayan ɗaya suka riƙa faɗowa akwatin wasiƙuna, har na koma in na ga ambulan mai ɗan taga gabana ya faɗi. Gaskiya ne New York da California suna da tsada, Maryland kuma tun shekarun 1970 hukumar jiha ce ke yanke wa asibitoci farashi. Sai dai abin da ya ɗaure mini kai a cikin Houston ɗin nan na gan shi: likita ɗaya, hannu ɗaya, in ya yi aikin a babban asibiti kuɗin ginin kaɗai ya ninka na ƙaramar cibiyar tiyatar da ake sallama a ranar. Ba taswira za ka duba ba, ka tambayi a wane gini za a yi.

Doka ta ɗan taimaka. Tun 2021 an wajabta wa asibitoci bayyana farashinsu, tun 2022 kuma wanda ba shi da inshora yana da haƙƙin a rubuta masa ƙiyasi kafin aiki, in aka zarce shi da dala 400 ko fiye ya kai ƙorafi. In za ka tambaya, ka ba su lambar da suke lissafin kuɗin aikin da ita: 64721 aikin tsagawa, 29848 wanda ake yi da ƴar kyamara. Ba lamba, zagaya ka za su yi ta yi a waya.

Inna kuwa baƙuwa za ta shigo. Medicaid, shirin gwamnati na biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani, ba nata ba ne, mai katin zama ma yawanci sai ya shekara 5 kafin ya cancanta, Texas kuma ba ta faɗaɗa shirin ba. Inshorar baƙi galibi ba ta ɗaukar ciwon da mutum ya zo da shi. Duk daga aljihunmu ne, wato nawa, mu daina ɓoye-ɓoye. Kuɗin jirginta kaɗai ya isa a yi aikin a gida a yi mata jinya. Ku kai ta Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A fara auna mata suga da maƙoƙo, don sukan jawo shi. A gwada ɗaurin wuyan hannu da dare, ko allura a wurin. Amma in tsokar gindin babban yatsanta ta fara lotsawa, a bar jan ƙafa, don jijiyar da ta daɗe a danne ba lallai ta dawo yadda take ba.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba. Ni a ɗakin sanyi na samu nawa, ina yankan kaji a tsaye, wuƙa a hannu tun duku-duku. Hukumar NIOSH, mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka, ta binciki wata masana'antar kaji a Maryland, a rahotonta na 2015 ta ce ta tarar kusan ɗaya cikin uku na ma'aikatan da ta duba suna da wannan ciwon. Da na kai kuka, shugaban sashenmu cewa ya yi wataƙila daga gida na zo da shi. A nan na ji cewa a Texas kamfani yana iya ƙin shiga inshorar raunin ma'aikata, namu kuma bai shiga ba. Biya kaɗan-kaɗan na yi har na sauke bashin, da wannan hannun mai tabo na yi karatun dare na bar wurin, ba wanda ya aiko mini da ko sisi daga gida, sai dai a tambayi yaushe zan turo.

Bizar ɗalibi awa 20 a mako ta yarje maka lokacin karatu, a cikin makaranta. Za ka haɗu da masu ce maka akwai aikin bayan fage, a biya ka a hannu. In hannunka ya mutu a can ba takardar da za ta nuna ka taɓa shiga wurin. Inshorar makaranta kuma ka biya ta ko da ta yi maka ciwo, kuma ka karanta nawa za ka fara fitarwa daga aljihu kafin su sa hannu.

Ka ɗauki hoton tafukan Inna biyu a jere, cikin haske, ka turo mini tare da sakamakon sugan. In likita ya yanke ranar aiki, rabin kuɗin a kaina, sauran ku raba da su Yaya Babba. Ka gaishe ta, ka ce ta rage wankin hannu.