Ta ina zan fara sauraron post-punk?

Ɗan'uwa, ka ce kana son post-punk amma ka rasa bakin zaren. Kiɗan ya taso a Ingila wajen 1978, bayan guguwar punk, wani salon kiɗan Turawa mai sauri da hayaniya, shi ya sa ake ce masa post-punk, wato na bayan punk. Fara da ƙungiyar mawaƙan Joy Division na Manchester. A waƙoƙinsu ka bi jitar bass, mai kaurin amo, da kunne, ita ke jan ragama, ganga kuma a bushe take kamar ana dukan ƙwarya. Da mawaƙinsu Ian Curtis ya rasu a 1980, sauran suka kafa sabuwar ƙungiya mai suna New Order.

Cikin na yanzu, Fontaines D.C. na Dublin sun fi kwanta min a rai, ra'ayina ne dai.

Kada ka yi gaggawar sayen tsohon faifan garmaho a intanet, akwai jabu. Nuna wa gogaggen mai shagon faifai hotonsa tukuna.