Tambaya da Amsa: Hotunan Tsiraici da Turawa Ke Kira Fasaha

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoto ne a nan Maraɗi. A wani littafin tarihin sana'armu na tarar da hotunan mata ba sutura, waɗanda Turawa suka ɗauka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wai fasaha ce. Mene ne asalin wannan, kuma akwai abin da irina zai koya a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin ya samo asali ne daga makarantun zane na Turai, inda aka daɗe ana koya wa ɗalibi zana jikin mutum tsirara, sai masu hoto suka gaji al'adar domin su ma a lissafa su cikin masu fasaha. Ba hotuna ne na kwatsam ba, shirya su ake yi. Bill Brandt, a Ingila, ya fara nasa a 1945 da wata tsohuwar kyamarar Kodak da ke kumbura duk abin da ya matso kusa da ita, har ƙafa ko kafaɗa ta koma kamar dutsen bakin teku, ya kuma tattara su a littafi a 1961. Irving Penn na Amurka ya ɗauki nasa tsakanin 1949 da 1950, amma ba a baje su ba sai 1980.

Ko a can ba su tsira daga suka ba. A 1989 ƙungiyar mata ta Guerrilla Girls ta ƙirga ayyukan sashen zamani na gidan adana kayan fasaha na Metropolitan a New York, ta ce mata ba su kai kashi 5 cikin ɗari na masu ayyukan ba, alhali kashi 85 na tsiraicin da aka rataye na mata ne. A wurinmu kuwa addini da kunya sun riga sun raba gardama.

Abin koyo shi ne shirin, wato inda haske zai faɗa da yadda mutum zai zauna, kuma wannan ba sai an tuɓe kowa ba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, a tsakar gida yake aiki da hasken rana. Yakan rataya zane mai ado a bayan mace, ya gyara mata zaman ɗankwali da ajiyar hannu, wani lokaci ya ba ta aron rediyo, ga shi yau manyan gidajen fasaha na duniya suna baje hotunansa. In amarya ta shigo shagonka da lalle, ka zaunar da ita gefen ƙofa, ka kashe filasha, ka sa ta ɗora hannuwan bisa atamfar.