Ku Tambaya Mu Amsa: Wa ke tantance rubutun Wikipedia?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah ina son rubuta tarihin malaminmu marigayi a Wikipedia ta Turanci, mutum ne da ya daɗe yana koyarwa kuma duk abin da zan rubuta da idona na gani ko daga bakin iyalinsa na ji, amma abokina ya ce kar na wahalar da kaina gogewa za a yi. Wai su wa ke yanke wannan hukunci, kuma da wane ma'auni? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan malam. Abokinka gaskiya ya faɗa maka, in dai a haka za ka rubuta to da wuya shafin ya tsira. Babu wani babban edita da ke zaune a ofis yana sa hannu, ita kanta gidauniyar Wikimedia mai ɗaukar nauyin Wikipedia ba ta duba maƙala ɗaya bayan ɗaya, masu sa kai ne irinka suke duba aikin juna. An taɓa gwada ɗaya hanyar fa. Kafin Wikipedia akwai wata taskar ilimi ta intanet mai suna Nupedia, wadda sai rubutu ya bi matakai bakwai na tantancewar masana kafin ya fita, ƙarshenta ko maƙala 30 ba ta kammala ba, shi ya sa da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia ranar 15 ga Janairu 2001 sai aka juya tsarin, a fara sakin rubutu sannan tantancewa ta biyo baya.

To ma'aunin nasu ba wai "shin gaskiya ne" kaɗai ba, tambayarsu ita ce a ina aka buga wannan magana da wani zai je ya gani da kansa. Abin da ka gani da idonka ko ka ji a bakin iyali, komai ingancinsa, a wurinsu binciken kanka ne kuma ba a karɓarsa. Sannan sai mutum ya cancanci shafi, wato majiyoyi masu inganci da ba su da alaƙa da shi sun yi rubutu mai zurfi a kansa, littafi ko jarida ko mujallar bincike, ba rubutun Facebook ba kuma ba sanarwar ta'aziyya mai layi biyu ba. Yabo ma ba a so, in ka rubuta "gwarzo da babu kamarsa" wani zai zo ya cire, in ka kawo shekara babu madogara za ka ga an liƙa mata ɗan ƙaramin rubutu a sama cewa ana buƙatar hujja. In aka kai shafi teburin gogewa ana barin tattaunawar kwana 7, kuma admin ɗin da zai rufe, wato mai sa kai da aka ba ikon goge shafi, ba ƙirga hannu yake ba, ƙarfin hujja yake dubawa.

Wannan tsauri da dalilinsa. A 2005 wani ya rubuta ƙarya a shafin ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler yana danganta shi da kisan shugaban Amurka John F. Kennedy da ƙaninsa Robert, ƙaryar ta zauna kusan wata huɗu, bayan nan ne aka hana marasa rajista ƙirƙirar sabon shafi a ta Turanci aka kuma ƙara matsa doka kan tarihin rayayyu. Amma ni ban ce ma'aunin ba shi da illa ba, wallahi yana da ita. Masaniyar kimiyya 'yar Kanada Donna Strickland an ƙi karɓar daftarin shafinta a watan Mayun 2018 wai majiyoyin ba su isa ba, a Oktoban shekarar ta ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks. In haka ta faru da farfesa a Kanada, ina ga mutanen da tarihinsu a baki yake ba a takarda ba? Wannan abu yana damuna sosai.

Shawarata kar ka fara da Wikipedia. Ka nemi ko wani ya taɓa bugawa a kan malam, in babu ka tattara abin da kake da shi ka miƙa wa mai bincike ko jarida su tantance su buga, in majiya biyu uku suka samu sai ka fara da daftari ka tura a duba, kuma ka faɗa a fili cewa ɗalibinsa ne kai.

TAMBAYA: Malam mene ne tauraron da nake gani a saman wasu maƙaloli? Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama wannan tauraron alamar zaɓaɓɓiyar maƙala ce, editoci da yawa sun bi ta layi-layi, majiya da hotuna da salon rubutu, har suka amince. A ta Turanci kusan ɗaya cikin dubu ne ke da shi. Koren da'ira mai alamar tarawa kuma maƙala mai kyau kenan, mutum ɗaya wanda bai sa hannu sosai a rubutun ba ke tantance ta. Duka biyun ana iya ƙwacewa in maƙalar ta lalace daga baya.

TAMBAYA: Wani ya ce in biya shi ya buɗe min shafi da ba za a taɓa gogewa ba, zai yiwu?

AMSA: Ba zai yiwu ba, babu mai wannan ikon ko admin ne. Tun 2014 dokar Wikimedia ta wajabta wa duk wanda aka biya ya bayyana wanda ya biya shi, in ya ɓoye aka gano shi za a toshe akawun ɗinsa, shafin ma sau da yawa ya bi shi.