Tambaya da Amsa: Me ya sa ƙarafan jakata suke koɗewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ina ɗinka jakunkuna na fata da na yadi, kuma ƙarafan ado ne suke ba ni ciwon kai, wato zobba da ƙugiyoyi da 'yan ƙusoshin da ake jerawa a murfi. Ranar da na saye su sai ki ce gwal, amma kafin a jima sun koɗe, wasu har tsatsa suke yi su ɓata yadin. Kwanan nan wata kwastoma ta dawo mini da jaka, ƙugiyar igiyar ta karye. Yaya zan gane mai kyau? Kuma zan iya yin nawa da hannu?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ki daina saye da ido. Yawancin ƙarafan nan ruwa aka yi musu, ruwan gwal ko na azurfa, siriri ƙwarai, ko kaurin silin gashi bai kai ba. Abin da zai riƙe jakarki shi ne ƙarfen da ke ƙarƙashi, kuma galibi ɗaya ne cikin uku: baƙin ƙarfe, gaurayen tutiya, ko tagulla zalla.

Ki riƙa yawo da ɗan maganaɗisu in za ki saye. In ya kama, baƙin ƙarfe ne. Ƙarfi kam yana da shi, amma da zarar ruwan ya goge gumi ya taɓa shi, sai tsatsa. In bai kama ba, kada ki yi saurin murna, don tutiya ma ba ta kamawa, kuma a nan ne ake yawan cutar mutane. Ki sayi ƙwaya ɗaya tak, ki goga magagari a bayanta inda ba a gani. Tagulla, wadda haɗin jan ƙarfe da tutiya ce, rawaya ce har ciki, ko kin goge rabinta. Gaurayen tutiya kuwa, wanda ake ce wa zamak, goga biyu zai nuna miki fari mai toka-toka. Ki auna su a tafin hannu ma, tagulla ta fi nauyi.

Ki ɗauko ƙugiyar nan da ta karye ki duba bakin karayar. Na tabbata za ki gan shi toka-toka, da ƙurji-ƙurji. Halin zamak ke nan. Tutiya ce da ɗan alminiyam kimanin kashi 4 cikin 100, ana narka ta a zuba a mazubi, shi ya sa take fitowa da zane mai kyau kuma da araha. Sai dai ba ta san lanƙwasa ba, ɓallewa take yi lokaci ɗaya. Ni ban hana ki amfani da ita ba, ki sa ta a ado inda ba a ja. Amma duk inda nauyin jaka yake rataye, ƙugiya da zoben igiya, ki sa tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Zoben kuma ki juya shi ki nemo mahaɗarsa. In ba a yi mata walda ba, wata rana sai ta buɗe baki.

Tunda kina aikin fata, ga ƙarin abu. Fatar da aka jeme da bagaruwa ko ɓawon itace ba ta shiri da baƙin ƙarfe, in danshi ya shiga tsakaninsu sai baƙin tabo da ba ya fita. Tagulla kuwa takan tara wani kore-kore a gindin ƙusa, amma wannan da tsumma ake gogewa. Wanda aka yi wa ruwan nikel kuma, wato wani farin ƙarfe mai kama da azurfa, ki nisanta shi da duk inda zai daɗe a jikin mutum, yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje.

Yin naki? Ƙwarai kuwa, in dai ba ƙugiya mai sifirin ba ce, ita kam ki saya. Zobban ado, waɗanda nauyin jaka ba ya rataye a kansu, su ne mafi sauƙi: ki naɗa wayar tagulla a jikin sandar ƙarfe, ki yanka da siririn zarto, ki haɗe bakin da filaya biyu. Ki guji yanka da almakashin waya, yana tsuke bakin ya hana shi haɗuwa daidai. Don 'yan faifan ado, ki nemi fallen tagulla ko jan ƙarfe mai kaurin rabin milimita zuwa milimita 1, ki yanka siffar da kike so, ki buga masa zane da guduma da ƙusa mai dakusasshen baki, sannan ki bi gefen da magagari har sai ya daina kama yatsa. Za ki lura yana ƙara tauri yayin da kike bugu. In kika ci gaba zai tsage, don haka ki sa shi a wuta har ya fara yin ja-ja, ki bar shi ya huce, zai koma da laushi. In kina son launin tsohon kaya, ki rufe jan ƙarfen a roba tare da dafaffen ƙwai da aka farfasa, warin ƙwan zai duhunta shi. Ki goge saman, ki shafa kakin zuma.

Wajen kafa su, tsawon ƙusar ya wuce kaurin fatar da kamar milimita 2 kawai. In ta fi haka za ta karkace, in ba ta kai ba kan zai fita. A yadi kuwa, ki sa guntun fata ta ciki kafin ki huda, in ba haka ba ƙusar za ta yage yadin ta fice.