Tambaya da Amsa: Shin Yawan Ambaton Masani Shaida Ce Cewa Shi Ke da Gaskiya?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na jami'a, ina rubuta kundin kammala karatu a kan yadda mutanen farko suke samun abinci kafin a san noma da kiwo. Malamin da ke duba aikina ya ce in dogara da masanan da aka fi ambata. Na ga an ambaci ayyukan Lewis Binford sau dubbai, amma kuma na iske wasu masana suna cewa ya yi kuskure a kan batun farauta. Yaya wanda aka ce ya yi kuskure zai zama cikin waɗanda aka fi ambata, kuma da me zan dogara?

Amsa: 'Yar'uwa, sai ki fara da sanin abin da ake ƙirgawa. Tun da Eugene Garfield ya kafa kundin ƙididdigar ambato na kimiyya a 1964, abin da ake lissafawa shi ne sau nawa wasu marubuta suka sanya aikin mutum a cikin madogararsu. A 2005 wani masanin kimiyyar fiziya, Jorge Hirsch, ya kawo ma'aunin da ake kira h, wanda idan aka ce na wani masani 30 ne, to yana da maƙalu 30 da aka ambaci kowace aƙalla sau 30. Na'urar da ke wannan lissafi ba ta karanta jimlar da ambaton ya zo a cikinta, saboda haka wanda ya kafa hujja da maƙala da wanda ya ɗauko ta don ya rushe ta, duk maki ɗaya suke ƙara mata.

Binford, Ba'amurke masanin binciken kufai wanda ya rasu a 2011, ya samu ambato ta hanyoyin nan biyu. Daga 1969 ya riƙa zuwa yana zama da al'ummar Nunamiut a Alaska, yana kallon yadda suke feɗe dabbar da suka kashe, wane ƙashi suke ɗauka zuwa gida, wane suke yarwa a wurin farauta. A maƙalarsa ta 1980 ya bambanta mutanen da ke tashi da sansaninsu gaba ɗaya su bi inda abinci yake, da waɗanda ke zaune wuri ɗaya suna tura 'yan tsiraru su je su samo, su kuma adana. Har gobe ana amfani da wannan rabe-rabe, kuma wannan ambato ne na amincewa. Amma a littafinsa na 1981 ya ce mutanen farko na kwazazzabon Olduvai a Tanzaniya ba mafarauta ba ne, kalen ragowar namun daji kawai suke yi, suna fasa ƙashi don su sha ɓargo. A wannan shekarar Henry Bunn, da kuma Richard Potts da Pat Shipman, suka wallafa bayanin shatar yankan wuƙaƙen dutse a jikin ƙasusuwan Olduvai, kuma tun daga lokacin hujjoji suke ƙaruwa cewa mutanen suna samun gawar dabba da naman a jikinta. Sannan a 1997 Hartmut Thieme ya bayyana makaman mashi na itace da aka tono a Schöningen ta ƙasar Jamus tare da ƙasusuwan dawakai masu yawa, waɗanda shekarunsu suka kai dubu ɗaruruwa, abin da ya raunana ra'ayin Binford cewa farautar manyan dabbobi ta zo ne a makare. Duk wanda ya shiga wannan muhawara dole ya ambace shi, ko da zai ce bai yarda ba.

A ganina hakan bai rage masa daraja ba, domin shi ne ya tilasta wa abokan aikinsa su daina ɗauka cewa duk inda aka ga ƙashi kusa da makamin dutse, to farauta aka yi. Irin wannan ya faru kafinsa. A shekarun 1950 Raymond Dart ya ga tarin muƙamuƙai da ƙahoni a kogon Makapansgat na Afirka ta Kudu, ya ce makamai ne da halittun da suka gabaci ɗan Adam suka zaɓa suka tara, kuma maganarsa ta yi tashe. Sai C. K. Brain ya je ƙauyukan makiyaya a hamadar Namib ya tattara ƙasusuwan awakin da mutane suka ci, karnuka suka gwigwiya, ya iske sassan da suka rage su ne masu tauri, wato irin waɗanda Dart ya ɗauka an zaɓa da gangan. A kogon Swartkrans na Afirka ta Kudu kuma ya ɗauko ƙoƙon kan wani yaro mai huda biyu a baya, ya ɗora su a kan fiƙoƙin ƙasa na wata damisa da aka tono a kogon, suka zauna daram. Har yau ana ambaton Dart, amma galibi a matsayin misalin yadda ake kuskuren karanta ƙashi.

Akwai wata karkata da ta fi shafar kundinki. Ƙashi da dutse suna daɗewa a ƙasa, saiwa da ganye da 'ya'yan itace kuwa ruɓewa suke yi, don haka rubuce-rubuce sun fi yawa a kan farauta, masu ambaton juna a wannan fanni kuma sun fi yawa. Alhali tun a taron mafarauta da aka yi a Jami'ar Shikago a 1966, Richard Lee ya nuna cewa mafi yawan abincin mutanen Kung na hamadar Kalahari daga tsirrai yake fitowa, kuma mata ne suka fi tattaro shi. A Gesher Benot Ya'aqov, wani wurin tono a kwarin Kogin Urdun inda damshi ya adana kayan, an gano nau'in tsirrai masu ciyuwa 55 daga kimanin shekara 780,000 da suka wuce. Masanin da ya ƙarar da shekarunsa yana tace ƙasa da ruwa don ya tsamo ƙonannun tsaba ba lallai ba ne adadin ambatonsa ya kai na mai nazarin ƙashi, amma idan kika bar shi a waje, kundinki zai nuna mutanen da nama kaɗai suke ci.

Ki kuma lura cewa a cikin rumbunan intanet da ke lissafa ambato, Google Scholar yana ƙirga littattafai da kundaye, Scopus da Web of Science kuwa sun fi karkata ga mujallu, musamman na Turanci, shi ya sa za ki ga adadi daban-daban ga mutum ɗaya. Ma'aunin h ba ya raguwa, saboda haka dattijo yana gaban matashi ko da matashin ne ke riƙe da sabuwar hujja. Irin waɗannan matsaloli ne suka sa wasu masana da editocin mujallu suka tsara sanarwar San Faransisko a 2012, suna kira da a auna bincike da abin da ya ƙunsa.

Malaminki bai yi kuskure ba, domin adadin yana nuna miki waɗanda ba za ki iya tsallakewa ba. Sai dai gani ya kori ji. Ki buɗe jerin waɗanda suka ambaci aikin, ki zaɓi na shekarun baya-bayan nan, ki nemo ainihin jimlar da sunan Binford ya fito a cikinta, ki ga ko hanyar bincikensa suka ara ko sakamakonsa suke musantawa. A kundinki ki kawo rabe-rabensa na 1980 a matsayin ma'aunin da har yanzu ake aiki da shi, ra'ayinsa na 1981 kuwa ki kawo shi tare da martanin Bunn da na waɗanda suka biyo baya, kowanne da shekararsa.