Mu Hausawan Salaga da Rijiyoyinmu: Amsa ga Wani Malami Bakano

Malam, ka tambaye ni me ya kai Bahaushe ga share rijiyoyin bayi, aikin da ba ko sisi, sannan ka ƙara da cewa ai mu mun daɗe da zama Gwanjawa. Ta biyun ce ta fi yi mini zafi, don haka da ita zan fara.

Goron da kakanninka suka ci a kasuwar Kurmi, ta Salaga, garinmu da ke arewacin Gana, ya bi. Fatake ne suke tasowa daga Kano da Katsina da jakuna, su yi watanni a hanya, su kawo kanwa da tufafi, su koma da goron Asante. Wasu suka zauna suka yi aure, mu ne jikokinsu. Kakata ta wajen uba Bagwanjiya ce, mahaifiyata kuma 'yar Dagomba, ban kuwa taɓa jin kunyar faɗa ba. To wa kake so su aura, bayan ayari ba ya tafiya da 'yanmata? Na san kuna yi mana dariya in muka ce wa mace “ya zo”. Ku yi. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, a nan ya zauna yana karantarwa har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya koma Kete-Karachi, ya rasu a can a 1934. Ban ji wanda ya taɓa cire shi daga Hausawa ba. Mu dai a 1969, da gwamnatin Firaministan Gana Busia ta kori baƙi, an ce da iyayenmu 'yan Najeriya ne, waɗanda suka isa can kuma aka riƙa kiransu 'yan Gana.

Rijiyoyin kuwa, Salaga gari ne mai ƙarancin ruwa da rani, shi ya sa mutanen da suka haƙa su barkatai, har ake yi mata kirari da gari mai rijiya dubu. Ba goro kaɗai aka sayar a kasuwar nan ba, an sayar da mutane. Akwai wurin da har gobe ake kira Wankan Bayi, da Hausa, ba da Gwanjanci ba. Ka ga ke nan ba za mu ɗora wa Asante da Gwanjawa da Turawa komai mu wanke hannunmu ba. Baƙaƙen fata na Amurka sukan zo su tsaya a bakin rijiya suna kuka, wani lokacin ɗan zango ne yake yi musu jagora. Wasu dattawanmu ba sa son a tayar da zancen, kuma ina fahimtarsu, amma shirun bai hana kowa sani ba.

Aikin namu ba wani mai yawa ba ne. In damina ta ɗauke, ciyawa takan rufe bakin rijiya ruf, saniya ko yaro su iya afkawa. Sai mu nemi izinin masu ƙasa, domin ƙasar nan ta Sarkin Kpembe ce, sarkin Gwanjawan yankin, mu fito da adduna mu sare, mu kwashe leda da shara. Ba ma tono. Dokar Gana ta hana haƙa irin waɗannan wurare sai da izinin hukumar gidajen tarihi, kuma da na ga yadda masu binciken jami'ar Gana da ke Legon suke aiki na gane dalili. Sukan ja zare su yanki ɗan fili murabba'i, su riƙa kankare ƙasa da cokalin magini, su tankaɗe ta, su rubuta zurfin da aka samu kowane tsingaro ko wuri na kuɗin da ko kan lofe. Zurfin nan da abin da ke kewaye da shi su ne suke nuna zamaninsa. In ka ɗauka ka sa a aljihu, ya zama fasasshiyar tukunya kawai. Saboda haka in yaro ya tsinci abu, mukan ce ya ɗauki hoto da waya, ya bar shi inda yake, a sanar. Wahalarmu ita ce samarin da suke ganin duk tsohon rami akwai zinariya a ƙarƙashinsa.

Abin da ya fi ci mini rai ma a gida yake. Kakana ya bar gafaka cike da takardun ajami, har da lissafin bashin goro da sunayen madugai. Aka ajiye ta a saman rumbu don girmamawa, ba mai taɓawa, gara ta cinye fiye da rabi. Abin da ya saura nake ɗauka hoto shafi-shafi, ina kuma bin gidajen zango ina roƙon su fito da nasu, wasu su yarda, wasu su ce asiri ne.

Af, da na zo Kano na ga yadda shaguna da gidaje suke cin badala, har na tambayi mai adaidaitar da ya ɗauke ni ko akwai masu fitowa gyara, ya ce wannan ai aikin gwamnati ne.